An kankare wa Baba ƙari a mafitsara, fitsari ya yi fari, zai iya dawowa?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannunku da jinya, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Na karanta saƙonki har sau biyu, bara na maimaita shi a gajarce saboda nasan akwai gidaje da yawa da ke cikin irin wannan halin. Kin ce Baba shekararsa 63, ya kwashe wajen wata biyar yana fitsarin jini ba zafi ba komai, jinin ya zo ya ɗauke ya kuma dawowa, da aka yi sikanin aka ga tsiro a mafitsara, aka shiga dashi tiyata aka kankare ta hanyar fitsari ba'a yanka ciki ba, yanzu wata biyu kenan da aikin, fitsari ya yi fari tas, yana fita kasuwa yana zuwa masallaci, likita ya rubuta masa ya dawo a wata na uku a sake zura kyamara a duba, shi kuma ya ce ba inda zashi tunda Allah ya bashi lafiya. Shine kike tambaya, wai abin nan yana dawowa ne, kuma in yana dawowa kashi nawa ne.

Yana dawowa 'yar'uwa, kuma gaskiya a duk cututtukan daji da muke gani a ɓangaren mafitsara da ƙoda babu wanda ya kai shi yawan dawowa. Amma kar hankalinki ya tashi tukuna, dan akwai abu biyu da mutane ke haɗawa wuri ɗaya alhali ba ɗaya suke ba. Akwai dawowa, wato wani tsiron ya sake fitowa a saman fatar cikin mafitsara kamar na farko, wannan in an ganshi da wuri sai a sake kankarewa ko a ƙona shi mutum ya koma gida ya cigaba da harkarsa. Akwai kuma zurfafa, wato ciwon ya nutsa ya kama tsokar mafitsarar, daga nan ne yake samun hanyar tafiya kaluluwa da huhu da hanta da ƙashi, kuma wannan shine yake kisa. Duk zirga-zirgar da likita ke sa ku, duk kyamarar da Baba baya so, dan a kama na farkon ne kafin ya zama na biyun.

Tunda lissafi kika nema bara na baki. A 2006 ƙungiyar binciken ciwon daji ta Turai da ake kira EORTC ta tattara bayanan mutum 2,596 da aka yi wa irin aikin da aka yi wa Baba, wanda mu a asibiti muke ce masa TURBT, dukkansu ciwon bai kai tsoka ba. Waɗanda nasu ya fi sauƙi, wato tsiro ɗaya tak, ƙarami, a sama-sama, mai sanyi (wanda ƙwayoyinsa basu rikiɗe sosai ba), karon farko, kashi 15 cikin 100 ya dawo musu a shekarar farko, kafin shekara biyar ya kai kashi 31. Waɗanda nasu ya fi tsanani kuwa kashi 61 ya dawo musu tun a shekarar farko, a shekara biyar kashi 78. Kinga ko mai mafi sauƙin, kusan mutum ɗaya cikin uku sai ya sake ganinsa. Zurfafa kuwa a nan ne tazarar take da faɗi sosai, masu sauƙin ko kashi 1 basu kai ba a shekara biyar, masu tsananin har kashi 45. Shi yasa duk wanda ya ce miki "kashi kaza ne" ba tare da ya ga takardar sakamakon lab ta Baba ba to ƙiyasi kawai yake yi. Sannan ki sani yawancin mutanen cikin wancan lissafin ba'a yi musu wasu daga cikin magungunan da ake yi yanzu ba, dan haka wanda ya bi ƙa'ida yau nasa zai iya yin ƙasa da haka.

Toh takardar nan ita nake so mu tsaya a kanta, dan a saƙonki baki ambace ta ba ko sau ɗaya, kuma wannan ne ya fi damuna. Ranar da aka yi aikin, naman da aka kankaro an zuba shi a wata 'yar kwalba ko roba mai ruwan magani mai warin gaske, a asibitocinmu da yawa 'yan jinya ake miƙa wa a ce su kai lab su biya, bayan sati biyu ko uku su koma su karɓi sakamako. Wallahi na sha gani, ana cikin hidimar jinya da kuɗin magani da masu zuwa dubiya, sai kwalbar ta kwana a ƙarƙashin gado cikin leda, daga baya wani ya ce ai naman jikin mutum ne a kai a binne, ko kuma an kai lab ɗin amma da aka ga mara lafiya ya miƙe ba wanda ya koma karɓa. Na taɓa zama da wani dattijo da ɗansa ina tambayarsu ina rizal, ɗan ya zaro rasit daga aljihun gaba duk ya yi laushi da gumi, an biya kuɗin tun wata bakwai baya, takardar na can a ajiye ba wanda ya karɓa, kuma abin da ke cikinta ya nuna tun a sati na shida ya kamata a ce an sake shiga dashi tiyata. Dan Allah kafin komai ki bincika ina takardar Baba take.

In kin same ta, abu huɗu zaki nema a ciki. Na farko zurfi. Zaki ga harafin T da wani abu a gefensa. Ta na nufin tsiron yana saman shimfiɗar ciki kawai. T1 ya ɗan huda ya shiga ƙarƙashin shimfiɗar amma bai taɓa tsoka ba. T2 ya kama tsoka. Akwai kuma wani da ake rubutawa CIS ko Tis, shi baya tsirowa sama, a kwance yake, in muka haska sai mu ga wurin ya yi ja-ja kamar karan-miski, wani lokacin ma ba'a ganinsa sam, kuma duk da a sama yake mugu ne dan yana cikin masu saurin nutsewa. Na biyu zafin ƙwayoyin, wato yadda suka rikiɗe a ƙarƙashin madubin likita, wasu lab suna rubuta G1, G2, G3, wasu su rubuta low ko high, G1 da low su ne masu sanyi, G3 da high su ne masu zafi. Na uku, kuma mutane basu cika lura dashi ba, shin akwai tsoka a cikin naman da aka kai? In mai binciken ya rubuta cewa bai ga tsoka a samfurin ba, to ba wanda zai iya rantsuwa cewa ciwon bai kai tsoka ba, tunda ba'a yanko wurin an duba ba. Na huɗu irin ciwon, wannan zan dawo kansa dan a ƙasarmu yana da nasa labarin. Akwai kuma wasu abu biyu, su a bayanin tiyata suke cikin fayil ɗinsa, tsiro nawa aka gani, kuma girmansa ya kai santimita 3 ko bai kai ba, wato kamar goro matsakaici. Mai guda takwas ba ɗaya yake da mai guda ɗaya ba.

Zaki ce to in an cire me zai sa ya dawo, ko likitan ne bai iya ba? Wani lokacin akwai saura da aka bari, ba dan sakaci ba, aikin ne ake yinsa ta cikin ƙarfe siriri kamar biro, ruwa na shiga jini na fita, ana yanka da 'yar waya mai wuta kaɗan-kaɗan, bangon mafitsara kuma siriri ne in ka matsa sai ka huda, in tsiron babba ne ko suna da yawa ko suna wani lungu to barin saura abu ne mai yiwuwa ko a hannun wa. Wani lokacin kuma ƙwayoyin da suka warwatse cikin ruwan lokacin kankara ne suke samun wurin da aka yi rauni su manne su kama. Amma babban dalilin shine ita kanta shimfiɗar mafitsarar gaba ɗayanta ta sha abin da ya jawo ciwon. Duk gubar da jiki ya tace ta ƙoda a mafitsara take taruwa ta zauna awa da awanni tana jiƙa bangon, shekara ashirin shekara talatin, dan haka ba wurin da tsiron ya fito ne kaɗai ya lalace ba. Duk wanda ya yi noman dawa ya san wuta-wuta, ka tuge wadda ta fito yau amma irinta na nan cikin ƙasar gonar ko'ina, baɗi ta ɓullo a wata kunyar da baka zata ba. Shi yasa sau da yawa in ya dawo ba a tabon farko muke samunsa ba, can wani gefen ne daban.

Akwai abubuwan da ke rage dawowar, kuma yana da kyau ki tambaya wanne aka yi wa Baba wanne ba'a yi ba. Na farko ana zuba maganin kemo sau ɗaya a cikin mafitsarar ta roba cikin awa 24 bayan aikin, irin su maitomaisin ko jemsitabin, dan ya kashe ƙwayoyin nan masu yawo kafin su manne. Da aka haɗa binciken da aka yi a kansa a 2016 an ga ya sauko da dawowa a shekara biyar daga wajen kashi 59 zuwa wajen kashi 45. Ba kowa ake wa ba, in ana zargin an huda bango ko jini ya yi yawa ba'a zubawa, kuma in an wuce lokacin to ya wuce, ba abin damuwa bane yanzu. Na biyu sake kankara tsakanin sati 2 zuwa 6 bayan na farko, ana yi in T1 ne, ko ba'a samu tsoka a samfurin ba, ko likitan da kansa ya san bai gama kwashewa ba. Mutane suna jin haushin wannan sosai, su ce an cuce su za'a karɓi kuɗi sau biyu, amma a masu T1 in aka koma kusan rabinsu ana samun saura, wasu ma sai a aiki na biyun ake gane ashe ya riga ya kama tsoka.

Na uku shine BCG. Eh, ita dai wannan allurar rigakafin tarin fuka da ake wa jarirai ranar haihuwa wadda ke barin tabo a damtse, wani likita a Kanada mai suna Alvaro Morales ne ya fitar da sakamakon zuba ta a mafitsara a 1976, kuma har yau ba'a samu abin da ya ture ta ba ga masu ciwo mai zafi da bai kai tsoka ba, musamman CIS da T1 mai zafi. Ba allura ake yi ba, ana narka ta a zuba ta robar fitsari, mutum ya riƙe wajen awa biyu sannan ya fitsarar, sau ɗaya a sati har sati shida, daga nan a cigaba da sati uku-uku a wata na 3 da na 6 da na 12, masu tsanani har shekara uku. Aikinta tsokano garkuwar jiki ne ta taso ta far wa bangon mafitsarar, shi yasa mutum ke jin zafin fitsari da yawan fitsari da ɗan zazzaɓi kwana ɗaya ko biyu, wannan ba komai. Amma zazzaɓi mai zafi da ya wuce kwana biyu ko rawar sanyi mai tsanani to asibiti kai tsaye, kuma a faɗa musu an zuba BCG. Ba'a fara ta sai an yi aƙalla sati biyu da aiki, ba'a zubawa ranar da ake fitsarin jini ko akwai ciwon sanyin mafitsara, ba'a yi wa mai tarin fuka a jiki ko wanda garkuwarsa ta yi ƙasa sosai. Matsalarta a wurinmu samu da tsada, dan ko a Turai da Amurka an yi shekaru ana ƙarancinta, in ba'a samu ba ana yin zubin kemo na sati-sati a madadinta, kuma ya fi zama haka nan nesa ba kusa ba.

Sai taba. Baki faɗa min ko Baba yana sha ko ya taɓa sha ba, nasan kuma ba tambayar da 'ya zata yi wa mahaifinta kai tsaye bace, amma Mama ta sani. Kusan rabin ciwon dajin mafitsara a duniya taba ce sila, mai sha haɗarinsa ya ninka na wanda baya sha wajen sau uku, kuma wanda ya cigaba da sha bayan aiki nasa ya fi saurin dawowa. Shisha ma hayaƙin taba ce, kar wani ya ce ai ruwa ya tace. Haka sana'a, tun 1895 wani likita a Jamus, Ludwig Rehn, ya lura ma'aikatan kamfanin rini suna yawan samun ƙari a mafitsara, daga baya aka tabbatar da haka a masu aikin roba da fenti da jima da sinadarai. In Baba ya yi shekaru yana dama rinin kanti da hannu ko fesa fenti ba kariya to a faɗa wa likitansa. Sannan maganin gargajiya, nasan yanzu haka akwai masu kawo muku jarka-jarka da sassaƙe, kowa da kyakkyawar niyya, amma akwai tsirrai irin dangin duman dutse, wanda wasu ke kira maɗacin ƙasa, da ke ɗauke da gubar da aka tabbatar tana lalata ƙoda kuma tana jawo irin wannan ciwon dajin na hanyar fitsari. Abin da ba'a san me ke ciki ba kar a ɗura wa mutumin da mafitsararsa ke da rauni.

Yanzu bara na koma kan irin ciwon da na ce zan dawo kansa. Duk lissafin da na kawo miki a sama na irin da ya fi yawa a Turai ne, wanda takarda ke rubutawa TCC ko UC, wato wanda ke tasowa daga ƙwayoyin ainihin shimfiɗar mafitsara, can kusan kashi 90 shine. Mu a nan muna da wani na daban da muke gani da yawa, takarda na rubuta shi SCC, wato wanda ƙwayoyinsa suka rikiɗe suka koma kamar na fatar jiki, kuma tushensa tsargiya. Yaro ya taso yana wanka a kududdufi da rafi da bakin dam, yana kamun kifi, yana shiga fadamar shinkafa, tsutsar da ke fitowa daga katantanwar ruwa ta huda fata ta shiga, ta je ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai a bangon, yaron na fitsarin jini ana cewa ai na yara ne zai daina, wasu wuraren ma ana ɗauka alamar balaga ce. Jinin ya daina ɗin, amma ƙwayayen suna nan a binne cikin bango suna ta cin wurin shekara da shekaru, sai mutum ya kai arba'in ko hamsin ciwon ya bayyana. Tun 1911 aka lura da wannan alaƙar a Masar, kuma da Masar ta yaƙi tsargiya sai irin wannan dajin ya ragu ƙwarai a can. Najeriya kuwa tana sahun gaba a duniya wajen yawan masu tsargiya, duk wanda ya yi aiki a yankunan noman rani irin su Kadawa da Bakolori da Goronyo ya san haka. Abin da yasa na dage a kan wannan shine SCC ba'a cika samunsa a sama-sama ba, yawanci kafin a ganshi ya riga ya kama tsoka, BCG bata yi masa aiki, kemo ma baya jinsa sosai, maganinsa na gaske tiyata ce babba tun da wuri. Dan haka in Baba mutumin bakin ruwa ne tun yarinta, dalili ya ƙaru na nemo takardar nan yau ba gobe ba. Yaran gidan kuma duk mai fitsarin jini a kai shi a gwada a bashi firazikwantal, ƙwaya ce mai araha da ake rabawa har a makarantu.

In takarda ta nuna T2, ko wane iri ne, to ki fahimci cewa kankarar da aka yi ba magani bace, gwaji ne kawai da rage jini, kuma farin fitsarin da kuke gani ba ya nufin komai. A nan maganar ba ta dawowa bace, ciwon bai tafi ba tun farko. Abin da ake yi shine a cire mafitsarar gaba ɗaya da kaluluwar gefenta, in irin TCC ne kuma ƙoda na da ƙarfi a fara da kemo mai sisfilatin kafin aikin, sannan a yi wa fitsari sabuwar hanya da guntun hanji, ko ya fito ta gefen ciki cikin jaka ko a ɗinka sabuwar mafitsara. Wasu kuma da suka dace ana haɗa musu kankara mai zurfi da gashin na'ura (radiyoterafi) da kemo a bar musu mafitsararsu. Kuma ba'a son a wuce wata uku ana shawara. Ko bayan cirewar yana iya ɓullowa a wani wuri a jiki, yawanci cikin shekara biyu na farko, gwargwadon yadda ya yi nisa kafin a cire. Nasan dattawanmu abin da ke fara zuwa ransu shine alwala da sallah da jaka a jiki, na ga waɗanda suka ƙi aikin saboda wannan kaɗai, alhali malamai sun yi bayanin hukuncin mai yoyon fitsari tun da daɗewa kuma akwai sauƙi a ciki, in an zo nan a samu malamin da Baba ya yarda dashi a zauna tare. Ina fata dai ba za'a zo nan ba.

In kuma bai kai tsoka ba, wanda shi nake masa fata, to ga yadda zuwa asibitin yake. Kowa da kowa kyamara a wata na 3, kuma wannan ta farkon ita ce mafi muhimmanci dan abin da aka gani ranar yana nuna yadda ciwon zai kasance nan gaba. Mai sauƙi in an ga wayam sai bayan wata tara, daga nan sau ɗaya a shekara har shekara biyar. Mai tsanani duk wata uku har shekara biyu, sannan duk wata shida har a cika biyar, sannan shekara-shekara iya rayuwa, ana haɗawa da gwajin ƙwayoyin fitsari da hoton CT na ƙoda da bututunta lokaci-lokaci, dan shimfiɗar nan ɗaya ce tun daga ƙoda har ƙasa. Kar wani ya ce muku a yi sikanin kawai ya wadatar. Sikanin yana ganin babba, amma tsiro kamar ƙwayar gero ko CIS da ke kwance ba zai gansu ba, mu kuma tun suna ƙwayar geron muke son kama su. A kyamara ƙaramin tsiro kyakkyawan gani gare shi ma, kamar 'yar ciyawar ruwa mai laushi tana lilo in ruwa ya kaɗa ta, minti kaɗan an ƙone ta an gama. Akwai wani malamin makaranta mai ritaya da nake dubawa shekara tara kenan, sau uku nasa yana dawowa, ko sau ɗaya bai ga jini da idonsa ba, duk a kyamara muka gani, har yau da mafitsararsa kuma da kansa yake zuwa a kan babur ɗinsa da katinsa cikin leda. Jini in ya fito sau da yawa tsiron ya riga ya girma, shi yasa jiran jini ba dabara bace.

Shi kuma Baba ki yi masa uzuri, ba taurin kai bane kawai. Dattijo mai iyali a kwantar dashi a buɗe masa al'aura gaban yara sa'annin 'ya'yansa a zura masa ƙarfe, ga zafin robar da ya sha bayan aiki, ga kuɗin da ya ga an kashe yana lissafin abincin gida, ba zai faɗa miki wannan ba, sai dai ya ce ya warke. Kuma ke 'ya mace akwai iyakar abin da zaki iya furtawa gabansa. Ki samu yayanku namiji ko ƙaninsa ko amininsa da suke zama bayan la'asar, a faɗa masa abu uku. Dubawar ba irin aikin farko bace, in da kyamara mai lanƙwasa ce minti biyar zuwa goma ne da man kashe zafi kuma a ranar zai koma gida, in ta ƙarfe ce ana iya yi masa allurar baya ko ta barci. Yana da damar ya ce maza yake so a ɗakin kuma a rage mutane, ba laifi bane ya nema. Sannan kuɗin dubawa sau ɗaya ko kusa bai kai kuɗin jini leda huɗu da kwanciya da babbar tiyata ba. In asibitin da aka yi aikin ba su da kyamarar a kowane lokaci, asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos duk suna da sashen mafitsara, a karɓi takardar turawa da kwafin bayanin tiyata da sakamakon lab a tafi dasu, kar a je hannu rabbana a sa likita ya fara daga farko.

Kafin ranar ta zo, in ya ga jini ko da sau ɗaya ne ko da ya ɗauke da kansa, ko gudan jini, ko fitsari ya riƙe, ko zafin fitsari da yawan fita da ya ƙi jin maganin sanyi, ko ciwon kwiɓi gefe ɗaya, ko ƙafa ta kumbura, ko rama ba dalili, kar a jira wata na ukun a tafi kawai. Ɗan jinin da ake gani sati biyu bayan aiki lokacin da ɓawon ciwon ke faɗuwa daban ne, amma ku yanzu kun wuce nan, duk jinin da ya zo a wata na biyu sai an duba.

In kin samo takardar ki rubuto min abin da ke gaban harafin T, da G nawa ne ko low ko high, da TCC ne ko SCC, da ko an ambaci tsoka, ki rufe sunansa da lambar katinsa kafin ki turo, sai in faɗa miki a wane rukuni Baba yake da tambayoyin da za ku yi wa likitansa ranar komawa. Ki gaida shi da jiki, ki gaida Mama da ƙoƙari.